Yadda Ake Zaɓen Irin Dankalin Turawa da Noma Shi a Lambun Gida da Takin Gargajiya

Kafin ka sayi iri, kafin ma ka ɗauki fartanya, ka san cewa dankalin Turawa ɗan sanyi ne. Asalinsa daga duwatsun Andes yake, a yankin Peru da Bolibiya, kuma duk inda aka kai shi bai bar halinsa ba. Ganyensa yana iya girma cikin zafi ya yi kore shar, amma 'ya'yan ba sa ƙulluwa sosai sai ƙasa ta yi sanyi, wato tsakanin digiri 15 zuwa 20. Idan zafin ƙasa ya doshi digiri 30, ƙulluwar takan tsaya cik. Shi ya sa za ka ga mutum a Kano ko Sakkwato ya shuka da damina, ganye ya rufe kunya har maƙwabta na yabawa, ranar tono kuma ya tarar da saiwa zalla da 'yan ƙwayoyi ƙanana.

Wanda kuma ya yi niyyar noma shi ba takin zamani, ba maganin feshi na kanti, akwai ƙarin abin da zai riƙe. Manyan cututtukan dankali ba a warkar da su idan sun kama, sai dai a tare musu hanya tun farko. Saboda haka mafi yawan aikin yana kan abubuwa biyu da ake yankewa kafin iri ya taɓa ƙasa: yaushe za ka shuka, kuma wane iri za ka shuka. Sauran duk kulawa ce da kowa zai iya.

Mataki na farko: tsayar da lokacin shuka

A tsaunukan Filato, wato Bokkos, Mangu, Barikin Ladi, Pankshin da kewayen Jos, inda tudun ƙasa ya kai mita 1,200 ko fiye, ana noman dankali sau biyu. Na damina ana shuka shi daga Afrilu zuwa Mayu a tone a Yuli da Agusta, na rani kuma ana yin sa a fadama da ban ruwa. Haka abin yake a tsaunin Mambila.

Mu da muke ƙasan tudu, irin su Zariya, Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram da Yamai, damarmu ɗaya ce tal: hunturu. A shuka a watan Nuwamba, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, domin lokacin da dankalin zai fara ƙulla 'ya'ya ya faɗo cikin sanyin Disamba da Janairu, a tone a Fabrairu kafin bazara ta kunno kai. Wanda ya yi jinkiri har tsakiyar Disamba, zafin Maris ne zai riske shi dankalinsa bai ƙosa ba. A wannan lokaci na sanyi ne manoman Bonkuku da ke yankin Filinge a Nijar suke nasu noman, kuma dankalinsu yana cika kasuwannin Yamai. Noman hunturu yana da wata fa'ida babba ga mai noma ba magani: iska a bushe take, don haka cutar ƙunar ganye da ke addabar manoman damina ba ta cika samun wurin zama ba.

Mataki na biyu: zaɓen iri

A nan ne nake so ka tsaya ka natsu, domin a nan ne aka fi yin asara. Dankalin Turawa ba da ƙwayar fure ake shuka shi ba, shi kansa dankalin ake binnewa. Ma'ana, duk cutar da uwar take ɗauke da ita, da ita ɗan zai tashi, kuma cutar tana iya zama a ƙasar lambunka shekaru bayan ka cinye dankalin.

Fara da sanin irin da kake nema. Nicola ya daɗe a hannun manoman Filato: dogo ne, fatarsa da cikinsa rawaya-rawaya, ba ya dagargajewa a tukunya, don haka ya dace da dafawa a miya ko a haɗa shi da ƙwai da kayan lambu. Diamant ya fi shi gari, masu suya suna son sa. Marabel yana da santsin fata da kyan gani, yana nuna da wuri, shi ya sa 'yan kasuwa ke rububinsa, sai dai ba ya jure cutar ƙunar ganye idan damina ta yi nauyi. Connect an san shi da jure wannan cuta, kuma duk mai shirin noman damina a kan tudu ba tare da feshi ba, shi ya kamata ya fara nema. Akwai masu jar fata irin su Desiree, wanda ke da haƙurin ƙarancin ruwa, da Rosanna da aka fi sani a Nijar. A shekarar 2023 an fitar da sababbin iri huɗu a Najeriya, Unica da Juriya da Babban da Kyau, ta haɗin gwiwar cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda ke da reshen dankali a Kuru kusa da Jos, da cibiyar dankali ta duniya da ke Lima. Unica mai jar fata ne kuma an san shi da jure zafi fiye da irin Turai da muka saba da su, don haka mai lambu a ƙasan tudu da ya samu hanyarsa kada ya yi wasa da shi.

Ra'ayina shi ne: a ƙasan tudu, saurin nuna ya fi komai. Nemi irin da zai ƙosa cikin kwana 80 zuwa 90, ko da bai kai wani yawan 'ya'ya ba, domin sanyinmu gajere ne. Irin da ke buƙatar kwana 120 zai iya fin sa albarka a Bokkos, amma a Katsina ba zai kai labari ba. A kan tudu da damina kuwa, jure cuta ya fi saurin nuna. Idan wurinka ya isa, shuka iri biyu a kunyoyi daban-daban. Shekara ɗaya za ta nuna maka wanda ƙasarka ta karɓa.

Daga ina za a samo? Mafi alheri shi ne irin da aka noma don iri, daga wurin masu ninka iri da ke aiki da cibiyar Kuru, ko ta hannun malaman gona na jiharka. A Nijar ƙungiyoyin manoma sukan shigo da iri mai takarda daga Turai gab da lokacin sanyi. In ba ka samu wannan ba, nemi manomin da ka yarda da shi, wanda zai iya gaya maka sunan irin da watan da ya tone shi. Watan tono yana da muhimmanci, domin sabon dankali yana yin barci na wata biyu zuwa uku kafin idanunsa su buɗe. Wanda aka tone a Filato a Yuli ko Agusta, zuwa Nuwamba ya farka, ya yi daidai da shukarmu. Wanda aka tone makon jiya kuwa, in ka binne shi zai kwanta a ƙasa har ya ruɓe bai tsiro ba. Ka kuma guji dankalin manyan kantuna da aka shigo da shi daga waje, domin sau da yawa an sa masa maganin hana tsiro.

Idan dole ta sa sai daga kasuwa za ka saya, to zauna gaban kwandon ka tsince da hannunka ɗaya bayan ɗaya. Girman ƙwan kaza kake nema, mai nauyin giram 40 zuwa 60, mai tauri, fatar ba ta yamutse ba. Juya shi ka duba idanun. In ka ga ƙasa ta manne a ido ta dunƙule kamar an liƙa ta, ajiye shi, domin alama ce wani ruwa mai yauƙi yana tsattsafowa daga ciki. In ka ga 'yan ƙananan huji da baƙin gari-gari a bakinsu, tsutsa ce a ciki. Sayi biyu ko uku ka yanka a gaban mai kayan, ta wajen gindin da ya rabu da uwa. Lafiyayye cikinsa fes yake, launi ɗaya. Idan akwai wani zobe ruwan ƙasa da ya kewaye cikin kusa da fata, ka matsa ka ga farin ruwa kamar madara yana fitowa daga zoben, to cutar yaushi ce. Kada ka ɗauki ko ɗaya daga wannan buhun, ko kyauta aka ba ka.

Mataki na uku: tsirar da irin

Mako biyu zuwa huɗu kafin shuka, baza irin a faifai ko a kwalin ƙwai, layi ɗaya, ɓangaren da ya fi yawan idanu yana kallon sama. Ajiye shi a inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa, kuma iska na ratsawa, kamar ƙarƙashin rumfa ko kusa da taga. A cikin haske tsiron yakan fito gajere, kauri, kore ko shunayya, ba ya karyewa da sauƙi. A cikin duhu kuwa yakan fito fari, dogo, siriri, kana taɓawa ya ɓalle. Wanda ake so shi ne mai tsawon santimita 1 zuwa 2, guda uku ko huɗu a jikin kowane dankali.

Wani lokaci za ka ga tsiro ɗaya ne kawai ya fito a kai, sauran idanun sun yi shiru. Ɓalle shi da yatsa. Cikin kwanaki sauran za su buɗe, kuma idan rassan da suka fito daga ƙasa suka yi yawa, 'ya'yan da za ka samu ma sukan ƙaru.

Maganar yanka babban dankali gida biyu don iri ya yi auki: ban ba da shawarar haka a ƙasarmu ba. Ƙasarmu ko da hunturu tana da ɗumi, yankakken iri yana saurin ruɓewa, kuma wuƙa ɗaya tana iya ɗaukar cuta daga dankali guda ta raba wa hamsin. In ya zama dole, a bar ido biyu aƙalla a kowane ɓari, a riƙa tsoma wuƙar a tafasasshen ruwa tsakanin yanka da yanka, a bar ɓarin a inuwa kwana biyu zuwa uku har fuskar yankan ta bushe.

Mataki na huɗu: wuri da taki

Zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa shida, in da hali ranar safe, wurin da katanga ko bishiya za ta kare shi daga ranar la'asar. Ƙasa mai laushi ake so, jigawa mai ɗan jiki wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Laka mai tauri tana matse dankali ya fito a karkace, in kuma ta riƙe ruwa ya ruɓe. Idan ƙasar gidanka laka ce, gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen buntun shinkafa, ka ɗaga kunyar sosai.

Tambayi kanka abin da aka shuka a wurin cikin shekaru uku da suka wuce. Tumatir, tattasai, attaruhu, barkono, gauta da yalo duk dangin dankalin Turawa ne, cutarsu ɗaya. Wurin da suka zauna bai dace ba, musamman in ka taɓa ganin tumatir ya yi yaushi farat ɗaya ya mutu a wurin. Inda aka cire masara, gero, wake ko albasa ya fi. Dankalin Hausa kuwa, duk da sunan, ba danginsa ba ne.

Taki shi ne abincin da za ka dogara da shi gaba ɗaya, don haka a shirya shi tun da wuri. Sharaɗin ɗaya ne: ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona tsiro, yana jawo gara da gwazarma, yana kuma sa ganye ya yi yawa 'ya'ya su yi kaɗan. Tun watan Agusta ko Satumba a tara kashin awaki da na tumaki, ko na shanu, ko na kaji, a jera shi hawa-hawa da busasshiyar ciyawa da ganye da ɓawon kayan miya, a yayyafa ruwa, a rufe da tsohon buhu, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu. In ya nuna za ka gane: ya yi baƙi, ya yi sanyi, yana marmashewa a hannu, warin kashi ya tafi sai ƙamshin ƙasa. Takin bola da ke cike da leda da batir da fasassun kwalabe bai kamata ya shiga inda za ka noma abin da iyalinka za su ci ba.

Ga kunya mai tsawon mita 5, babban bokitin fenti ɗaya zuwa ɗaya da rabi na ruɓaɓɓen taki ya isa. In na kaji ne zalla, rabin haka, domin ya fi ƙarfi. Toka tana da amfani domin tana ɗauke da sinadarin da ke sa dankali ya yi girma, amma a yi hankali da ita. Dankali ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, toka kuwa tana kashe tsamin, in ta yi yawa sai fatar dankalin ta yi ƙirci-ƙirci. Tafi biyu ko uku a kunya guda, a gauraye da takin, ya wadatar.

Kafce ƙasar zurfin santimita 25 zuwa 30, a farfasa hoge, a tsince duwatsu, a zuba takin a cakuɗa, a ba ta ruwa a bar ta mako guda ta kwanta.

Mataki na biyar: shuka

Ja kunyoyi da tazarar santimita 75 tsakaninsu, wato kamu ɗaya da rabi. A kan kowace kunya, tsakanin rami da rami santimita 30, zurfin rami santimita 10. Sa irin tsiron yana kallon sama, ka rufe a hankali da hannu kada ka danna. A yi shukar da yamma ko da sassafe, a ƙasa mai danshi, ba jiƙaƙƙiya sharkaf ba.

Don ka san abin da za ka saya: kunya mai mita 5 tana ɗaukar gindi 16 ko 17. Kunyoyi huɗu, wato fili mai mita 5 a tsaye da mita 3 a kwance, za su ci iri kusan 65, kimanin kilo 3 da rabi. Idan iri ya yi kyau kuma sanyi ya samu, rabin kilo a kowane gindi ba abin mamaki ba ne.

Da ka gama, lulluɓe kunyoyin da busasshiyar ciyawa ko bambaron shinkafa, kaurin yatsu uku ko huɗu. A ƙasan tudu wannan lulluɓi ba ado ba ne. Shi ke hana rana gasa ƙasa da tsakar rana, shi ke riƙe danshi a lokacin da iskar hunturu ke busar da komai. Sa hannunka ƙarƙashin ciyawar da azahar, sannan ka taɓa ƙasar da ke fili, za ka ji bambancin da dankalin ke ji. Inda gara ta yi yawa, a rage kaurin kuma kada ciyawar ta taɓa jikin karan.

Mataki na shida: ban ruwa da huɗa

Kafin tsiro ya fito, wato mako biyu zuwa uku na farko, ruwa kaɗan ake so, domin irin yana da nasa a jikinsa kuma yawan ruwa ruɓar da shi yake. Bayan ya fito, a jigawa a ba shi duk bayan kwana biyu ko uku, a ƙasa mai jiki duk bayan kwana huɗu ko biyar. Tura yatsa cikin kunya: in ka ji danshi a gaɓa ta biyu, jira gobe. Zuba ruwan a kwarin kunya ko a gindi, ba a kan ganye ba, kuma da safe ya fi. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu bai dace ba.

Lokacin da ya fi buƙatar ruwa shi ne daga mako na biyar ko na shida, sa'ad da ya fara ƙulla 'ya'ya, wanda a irin da ke fure yakan zo daidai da fitowar furen. Daga nan har ganye ya fara rawaya kada a bar ƙasa ta bushe ƙayau sannan a zo a malale ta. Wannan yunwa da ƙoshi ita ke sa dankali ya tsage ko ya fito da ƙulu-ƙulu a jikinsa.

Huɗa kuwa ita ce sirrin noman. 'Ya'yan dankalin Turawa ba a saiwa suke fitowa ba, a jikin wasu rassa ne da ke fita daga karan da ke cikin ƙasa, a saman irin da ka binne. In ba a tara musu ƙasa ba, rassan sai su leƙo waje su zama ganye, 'ya'yan da suka ƙullu kuma su fito fili rana ta mai da su kore. Idan shukar ta kai tsawon taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, janye ciyawar gefe, cire haki, barbaɗa ɗan taki tafi guda a kowane gindi, sannan ka jawo ƙasa daga kwari ka tara a jikin karan har sai kan ganyen kawai ya rage a waje. Mayar da ciyawar. Bayan mako biyu zuwa uku a maimaita, kafin ganye ya haɗe ya rufe hanya. Bayan wannan kada fartanya ta sake shiga, sai cire haki da hannu. Duk inda ka ga kunya ta tsage, toshe da ƙasa nan take, domin ta wannan tsaga malam buɗe littafin da ke haifar tsutsar dankali yake shiga ya yi ƙwai.

In ganye ya yi fari-fari da wuri, alamar yunwa ce. Jiƙa ruɓaɓɓen taki a buhu cikin durom na ruwa na mako guda, a tsarma ruwan har ya yi kalar shayi mara kauri, a zuba a gindi. Amma da zarar ya fara fure a daina, domin daga nan ƙarin abinci ganye yake tafiya.

Mataki na bakwai: ƙwari da cuta

Zaga lambun kowace safiya kana ɗaga ganye kana duba bayansa. Darɓa, waɗannan ƙananan ƙwari masu taruwa a bayan sabon ganye, ba tsotson da suke yi ne babbar ɓarnarsu ba. Su ne ke ɗaukar cutar da ke nannaɗe ganye da tsumburar da shuka daga gindi zuwa gindi. Maganinsu yana ƙofar gida: 'ya'yan darbejiya. A ɓare busassu a daka ƙwayar, giram 500 a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanki kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har bayan ganyen. A maimaita duk mako idan ƙwarin na nan. A haɗa sabo kowane lokaci, domin ba ya ajiyuwa. Tsutsar da ke yanke ƙaramin tsiro da dare kuwa, tona ƙasa kusa da wanda ta yanke da safe, za ka same ta a naɗe.

Cutar ƙunar ganye ita ce ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga shekarar 1845, kuma har yau ita ce babbar abokiyar gabar manoman damina a Filato. Tana son sanyi da laima da hazo. Takan fara da tabo baƙi-baƙi kamar an zuba ruwan zafi a gefen ganye, da safe kuma ka ga fari-farin gashi a bayan tabon. Cikin mako guda tana iya cinye gona. Mai noma ba magani kariyarsa ita ce iri mai juriya, shuka da wuri, tazara mai kyau don iska ta ratsa, da tsinke ganyen da ya kamu a binne shi nesa, ba a cikin taki ba. Ƙa'idojin noman da ba na sinadari ba sun yarda da feshin maganin jan ƙarfe daidai gwargwado, amma rigakafi ne, ba ya tayar da wanda ya riga ya ƙone. In ta ci ƙarfin lambun alhali 'ya'ya sun fara girma, yanke karan gaba ɗaya ka fitar, ka jira mako biyu sannan ka tone. Ta haka za ka tsira da abin da ke ƙasa.

Cutar yaushi ta fi ban tsoro a wurare masu ɗumi. Gindi ɗaya zai yi yaushi da rana alhali ƙasa da danshi, da yamma ya ɗan farfaɗo, bayan kwana biyu ya kwanta gaba ɗaya ganyensa na kore. Ga yadda za ka tabbatar: yanko guntun karan daga can ƙasa, tsawon yatsa, ka rataya shi a bakin kofin gilashi mai ruwa garai-garai, yankan yana cikin ruwa. Kada ka motsa kofin. Cikin 'yan mintoci, in ita ce, za ka ga wasu fararen zaruruwa siri-siri suna saukowa daga yankan a hankali suna narkewa a ruwan. Ba ta da magani. Tuge gindin duka da 'ya'yansa da ƙasar da ke kewaye, a zuba a buhu a fitar daga lambun, a wanke fartanya, a toshe hanyar ruwa kada ya bi ta ramin zuwa sauran. Wannan wurin kuma a hutar da shi daga dankali da danginsa shekara huɗu ko fiye.

Ga wanda ba shi da fili

Buhun shinkafa mai kilo 50 yana yi. Huda gindinsa wuri da yawa, naɗe bakinsa ƙasa, zuba haɗin ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi ko buntu kashi ɗaya, zurfin santimita 15. Sa iri biyu, rufe da santimita 10. Yayin da shukar ke tashi kana warware buhun kana ƙara ƙasa, sau biyu, har zurfin ya kai santimita 35 zuwa 40. Cika buhu har baki ba ya ƙara 'ya'ya, wahalar da shukar kawai yake. Matsalar buhu zafi ne, don haka kada a ɗora shi a kan siminti inda ranar la'asar ke duka. A jera buhunan su kare juna, a kewaye su da zana ko ciyawa, a kuma duba danshinsu kullum domin sun fi kunya saurin bushewa.

Mataki na takwas: tono da ajiya

Idan ganye ya yi rawaya ya fara kwanciya, rage ruwa sannan ka daina. Yanke karan daidai ƙasa ka bar dankalin a cikin kunya kwana 10 zuwa 14 fatarsa ta yi ƙwari. Tono ɗaya ka murza da babban yatsa: in fatar ta saluɓe, bai yi ba tukuna. A ƙasan tudu kada a wuce wannan wa'adi, domin ƙasa ta fara zafi kuma gara na jira.

A tone da sassafe, a sa fartanya daga gefen kunya a ɗaga, a tsince da hannu. Kada a bar shi a rana, kada a wanke. A ware wanda fartanya ta sara a fara cinye shi. Sauran a baza a ɗaki mai duhu da iska na kwana goma, sannan a zuba a kwando ko buhun algarara, ba leda ba, a ɗora a kan katako. Busasshen ganyen bishiyar turare da aka shimfiɗa tsakaninsu yana rage tsutsa. Firiji yana sa shi zaƙi kuma ya yi baƙi a suya. Wanda ya yi kore yana da guba mai ɗaci da dafuwa ba ta kashewa: in koren kaɗan ne a fere shi da zurfi, in ya yi yawa a zubar, kada a ba yara ko dabbobi.

Mai lambu a kan tudu zai iya ajiye irin kansa, amma ba ta hanyar tsince ƙananan da suka rage a tsibi ba. Yawancin waɗannan ƙananan daga gindin da ke da cuta suka fito, kuma haka iri ke lalacewa shekara bayan shekara. Tun shukar na kore, kafa tsinke a jikin gindin da ya fi lafiya, mai ganye shimfiɗaɗɗe, wanda maƙwabtansa ma lafiyarsu ƙalau. In daga baya ya nuna wata alama, cire tsinken. Ranar tono a fara da masu tsinke, a ɗebi masu girman ƙwai daga cikinsu, a ajiye su daban a wuri mai haske da iska. Ko da haka, bayan zagaye uku ko huɗu a sabunta iri.

A ƙasan tudu kuwa, dankalin da aka tone a Fabrairu ba zai iya ratsa bazara da damina ya kai Nuwamba da ƙarfinsa ba, don haka a cinye shi, a sayi sabon iri kowace shekara. Kunyoyin da aka tone a tsince duk ɗan dankalin da ya ɓuya a ciki kada ya tsiro ya riƙe cuta, a zuba musu alayyafo ko kuɓewa da bazara, wake ko masara da damina, dankalin baɗi kuma a kai shi wani ɓangaren lambun.